Neman Lasisin Tuƙa Babbar Motar Ɗaukar Dawaki a Birtaniya

A Birtaniya hukuma ba ta tambayar mutum dawaki nawa yake son ɗauka kafin ta gaya masa irin lasisin da ya wajaba a kansa. Abin da take dubawa shi ne iyakar nauyin da aka halatta wa motar, wato nauyinta ita kanta haɗe da duk abin da ke cikinta, tun daga direba da mai rakiya har zuwa man da ke cikin tanki. Wannan adadi yana rubuce a jikin wani ɗan faranti da ke maƙale a motar, kuma shi ne ya raba masu dawaki gida biyu. Wanda ya ci jarrabawar tuƙin ƙaramar mota kafin ranar 1 ga Janairun 1997, yawanci lasisinsa ya ba shi damar tuƙa motar da ta kai tan 7.5 ba tare da ya sake zama wata jarrabawa ba. Shi kuwa wanda ya ci tasa daga wannan rana zuwa yau, iyakarsa tan 3.5, wato kilo 3,500. Ni ina cikin kashi na biyu, haka ma kusan duk matasan da ke aiki a barga a yau, don haka maganar neman ƙarin lasisi takan taso mana da zarar an fara damƙa mana dawaki mu kai su wurin gasa ko asibitin dabbobi.

Hanyar da mutane da yawa suke bi don su kauce wa jarrabawa ita ce sayen ƙaramar motar dawaki mai tan 3.5, irin wadda ake ƙerawa a kan ƙashin motar ɗaukar kaya, wadda kuma lasisin ƙaramar mota ya wadatar da ita. Motoci ne masu daɗin tuƙi, suna shiga ƙananan hanyoyin karkara ba wahala, kuma kusan kowacce an raba cikinta gida biyu, abin da ke sa mai saye ya ɗauka cewa tun da akwai wurin tsayuwar doki biyu, to an halatta masa ɗaukar doki biyu. A nan ne matsalar take, kuma ita ce ta sa na yanke shawarar neman babban lasisi. Idan aka cire nauyin motar ita kaɗai daga kilo 3,500, abin da yake saura bai cika wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, wani lokaci ma bai kai ba. Dokin hawa mai matsakaicin girma yana kai kilo 500, manya kuwa suna haura 600. Sai a ƙara direba da wanda ya rako shi, a ƙara sirdi da linzami da bargunan rufa, a ƙara damin ciyawa da buhun abinci, a ƙara ruwan sha wanda kowace lita ɗaya tasa kilo ɗaya ce, a ƙara man da aka cika tanki da shi. Da doki ɗaya lissafin yana fita lafiya. Da doki biyu masu girma, a mafi yawan lokuta an riga an ƙetare iyaka tun motar ba ta bar ƙofar barga ba.

Wasu suna ganin wannan ƙaramin laifi ne wanda iyakarsa tara idan jami'an hukumar DVSA, masu binciken motoci a bakin hanya, suka tsayar da mutum suka kai shi kan sikeli. Ni ban ɗauke shi haka ba. Burkin motar da tayoyinta da ƙarafan da ke riƙe da ita duk an auna su ne a kan wancan nauyi da aka rubuta, kuma motar da aka yi wa lodi fiye da kima takan ɗauki tazara mai tsawo kafin ta tsaya, takan kuma karkata a kwana fiye da yadda direba ya saba. Ban da haka, dokar ta sa iyaka a kan nauyin da ƙafafun gaba za su ɗauka da wanda na baya za su ɗauka, kowanne daban, ta yadda mota za ta iya zama daidai a jimilla amma ta saɓa doka a gefe guda saboda inda dawakin suka tsaya. Idan hatsari ya faru a wannan hali, kamfanin inshora yana iya ƙin biya. Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata shi ne cewa dabbar da ke baya ba ta zaɓi shiga motar ba, mu ne muka ja ta da ragama muka shigar da ita, don haka amanarta tana wuyanmu.

Lasisin manyan motoci hawa-hawa ne. Akwai rukunin C1, wanda ya ƙunshi motocin da ke tsakanin tan 3.5 da tan 7.5, akwai rukunin C na duk motar da ta haura tan 3.5 ba tare da wannan iyaka ta sama ba. Sai rukunin CE na wanda zai haɗa babbar mota da tirela mai nauyin da ya wuce kilo 750. Yawancin masu doki biyu ko uku C1 suke nema, domin motar tan 7.5 ita ce aka fi gani a filayen gasa. Ni rukunin C na nema, kuma shi nake ba duk wanda ya tambaye ni shawarar ya nema idan shekarunsa sun kai, saboda binciken likita iri ɗaya ne, jarrabawar rubutu iri ɗaya ce, wahalar koyon ba ta da wani bambanci mai yawa, sannan wanda ya samu C ya samu C1 a cikinsa. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba, shi ne cewa ita ma motar tan 7.5 tana faɗawa cikin irin ramin da ƙanwarta take faɗawa. Da yawansu an gina musu ɗakin kwana da wurin girki da banɗaki a gaba, domin masu kwana a wurin gasa, kuma duk wannan gini yana cin nauyin da ya kamata a bar wa dawaki, har ta kai motar da aka raba cikinta gida uku ba ta iya ɗaukar fiye da biyu bisa doka. Wanda yake da lasisin C yana da damar matsawa zuwa motar tan 12 ko 18 a ranar da bukata ta kama, ba sai ya koma makarantar tuƙi ba. Game da shekaru, ana ba da C1 daga shekara 18, shi kuwa C daga shekara 21, sai dai ga wanda ya ci jarrabawar ƙwararrun direbobi da ake kira CPC, wanda za a iya ba shi tun yana da 18.

Matakin farko na takardu ne. Ana cika fom mai lamba D2 na neman lasisin koyo, likita kuma ya cika fom mai lamba D4 bayan ya duba gani da hawan jini ya kuma yi tambayoyi a kan ciwon sukari da farfaɗiya da ciwon zuciya da matsalar barci, sai a aika su ofishin hukumar DVLA, mai ba da lasisin tuƙi, da ke birnin Swansea. Ƙa'idar lafiya a nan ta fi ta ƙaramar mota tsanani, musamman ta fuskar gani. Bayan lasisin koyo ya iso sai jarrabawar kwamfuta, wadda ta kasu kashi biyu: tambayoyi 100 waɗanda ake bukatar a ci 85 daga ciki, da kuma gajerun bidiyo 19 na hanya inda mutum zai danna da zarar ya hango hatsari yana tasowa, a nan kuma maki 67 cikin 100 ake nema. Wanda ya ci yana da shekara biyu ya kammala jarrabawar tuƙi, in ba haka ba sai ya sake daga farko. Ba zan ce wannan mataki yana da wuya ba ga wanda ya zauna ya yi karatu, sai dai ina roƙon mai doki kada ya haddace sashen nauyi da lodi da tsayin mota don cin jarrabawa kawai, domin shi ne sashen da zai yi aiki da shi kowace tafiya.

Jarrabawar tuƙin ita ma biyu ce. Ta farko a fili ake yi, inda mutum zai ja motar da baya ta bi wata lanƙwasa har ya shigar da ita wani matsattsen gurbi ba tare da ya taɓa alamomin da aka jera ba, kuma wanda ya ci wannan yana da wata shida ya ci ta biyu, wadda ake yi a kan titi na kimanin sa'a guda tare da mai jarrabawa a gefe. Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne yadda babbar mota take da wutsiya: idan ka karya sitiyari zuwa dama, ɓangaren da ke bayan tayoyin baya yakan fita zuwa hagu, kuma yana iya dukan turakar fitila ko mai keke da ke gefe. Haka nan tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba a kwana, suna yankowa ta ciki, don haka dole direba ya shiga gaba sosai kafin ya karya. Burkin iska kuma yana da kaifi ga ƙafar da ta saba da na ƙaramar mota. Malaman tuƙi ba sa gajiya da maimaita maganar madubi, kuma suna da gaskiya, domin rashin duba madubi a lokacin da ya dace yana daga cikin abubuwan da suka fi kayar da mutane. Wani sauƙi da aka samu shi ne cewa wanda lasisinsa na ƙaramar mota na giyar hannu ne, ko da ya yi jarrabawar da babbar mota mai canja giya da kanta, za a ba shi damar tuƙa iri biyun.

A jarrabawar rukunin C doka ta ce sai an yi wa motar lodi, kuma lodin da aka saba amfani da shi tankunan ruwa ne guda biyar masu cin lita 1,000 kowanne, a cike fal, a ɗaure tam. Wannan ya nuna iyakar abin da lasisin yake tabbatarwa. Tankin ruwa ba ya jin tsoro, ba ya ɗaga ƙafa, ba ya jingina da bango idan an sha kwana, kuma nauyinsa a ƙasa yake zaune. Doki kuwa a tsaye yake a kan dogayen ƙafafu huɗu, mafi yawan nauyinsa yana sama da ƙasan motar da fiye da mita guda, kusan kashi 60 cikin 100 na wannan nauyi yana kan ƙafafunsa na gaba, kuma ba ya ganin hanya balle ya san abin da ke tafe. Halinsa ya yi kama da na mutumin da aka tsayar a tsakiyar bas aka rufe masa ido aka hana shi riƙe komai: duk burki da duk kwana sai ya tare su da ƙarfin jikinsa. Shi ya sa dokin da ya yi doguwar tafiya a hannun direba mai gaggawa yakan sauko jiƙe da gumi kamar wanda aka yi sukuwa da shi, kuma sau da yawa dokin da ake cewa yana da taurin kai wajen shiga mota, ba taurin kai ba ne, tuna abin da ya same shi a tafiyar baya yake yi.

Saboda haka tuƙin da ya wadatar a ci jarrabawa bai wadatar a ɗauki doki ba. Mai jarrabawa yana son ya ga mutum yana tafiya da saurin da hanya ta halatta, ba ya ɓata wa na baya lokaci, kuma yana iya rage masa maki idan ya cika jan jiki. Direban dawaki kuwa sai ya koyi fara rage gudu tun daga nesa, ya sauke ƙafarsa daga totur tun kafin ya bukaci burki, ya shiga shataletale a hankali ƙwarai domin a can ne doki yake karkata hagu, ya karkata dama, ya sake karkata hagu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ƙa'idar da tsofaffin direbobi suka koya mini, wadda kuma na ga amfaninta, ita ce kada a ƙara wuta sai bayan duk jikin motar ya miƙe daga kwana, domin a lokacin da kan mota ya riga ya fita, dawakin da ke baya suna tsakiyar lanƙwasar tukuna. Layin motoci zai taru a bayanka a hanyar karkara, wasu za su danna hon, kuma wani ɓangare na ƙwarewar shi ne mutum ya jure wannan ba tare da ya bar shi ya taɓa ƙafarsa ba, ya nemi wuri mai faɗi ya raɓa su wuce. Na yi imani duk wanda ya samu sabon lasisi ya kamata ya nemi wani ya tuƙa shi a wani fili mai zaman kansa yana tsaye a inda doki yake tsayawa, domin abin da zai ji a gwiwoyinsa cikin mintuna kaɗan babu littafin da zai koya masa shi.

Ɗaukar doki a cikin abin hawa don a adana ƙarfinsa tsohuwar dabara ce a wannan ƙasa. A shekarar 1836 Lord George Bentinck ya sa aka ƙera wani keken katako da wasu dawaki ke ja, aka ɗauki dokin tsere mai suna Elis daga Goodwood zuwa Doncaster, a zamanin da dawakin tsere da ƙafarsu suke takawa zuwa filin gasa, kuma dokin ya lashe tseren St Leger da ake yi a can. Manufar ita ce dabba ta isa da lafiyarta da kuzarinta, kuma har yau wannan ita ce ma'aunin da masu horar da dawaki a garuruwa irin su Newmarket da Lambourn suke auna direba da ita. Akwai ciwon huhu da ke kama dawaki bayan doguwar tafiya, wanda likitocin dabbobi suka danganta da ɗaure kan doki a sama na tsawon sa'o'i, domin doki yana bukatar sunkuyar da kai ƙasa kafin majina da ƙura su fita daga hanyar numfashinsa. Direban da ya san wannan zai sassauta igiya gwargwadon yadda ba za ta jawo hatsari ba, zai buɗe tagogin iska ko da ana sanyi, zai jiƙa ciyawa don rage ƙura, zai kuma tsaya ya miƙa ruwa ko da dokin ya ƙi sha a karon farko.

Sai kuma tambayar da ta fi rikita mutane, wato ko tafiyar ta sha'awa ce ko ta sana'a. Wanda yake ɗaukar dokinsa don nishaɗin kansa, lasisin tuƙi da fasfo ɗin dokin sun ishe shi, domin kowane doki a ƙasar yana da fasfo wanda dole ya bi shi duk inda aka kai shi. Amma da zarar kuɗi ya shigo, ko ana biyan mutum ladan ɗaukar dokin wani, ko yana tuƙi ne a matsayin ma'aikacin barga, sai wasu dokoki su hau kansa. Idan motar ta haura tan 3.5, dole ya mallaki takardar CPC, wadda ake sabuntawa da horon sa'a 35 a kowace shekara biyar. Dole mai motar da ta haura tan 3.5 ya samu lasisin gudanar da sufuri daga ofishin kwamishinonin zirga-zirga. Idan tafiyar ta wuce kilomita 65, sai an samu izinin jigilar dabbobi daga hukumar APHA mai kula da lafiyar dabbobi da tsirrai, wanda ya kasu biyu, na tafiyar da ba ta wuce sa'a takwas ba da na wadda ta wuce, sannan direban ya riƙe takardar shaidar cewa ya san yadda ake kula da dabba a hanya. Iyakar da ke tsakanin sha'awa da sana'a ba koyaushe take fitowa fili ba, musamman ga wanda yake karɓar kuɗin horar da dawakin mutane ko yake saye da sayarwa jefi-jefi, kuma shawarata ita ce mai shakka ya rubuta wa hukuma ya bayyana halinsa dalla-dalla ya ajiye amsar, maimakon ya dogara da abin da ya ji a bakin abokai a filin gasa. Tuƙa motar da lasisin mutum bai kai gare ta ba yana jawo tarar da za ta iya kai fam 1,000 tare da makin hukunci uku zuwa shida a kan lasisi.

Motar da ta haura tan 7.5 tana ƙarƙashin dokar sa'o'in tuƙi ko da ta nishaɗi ce, tana kuma ɗauke da na'urar takogiraf mai rubuta lokacin tafiya da na hutu. Bayan tuƙin sa'a huɗu da rabi dole a huta minti 45, kuma tuƙin yini bai wuce sa'a tara ba, sai sau biyu a mako da aka yarda ya kai goma. Ga mai doki wannan hutu alheri ne, domin a lokacin da injin ya mutu ne dabbar take samun sakin jiki, wasu ma ba sa iya fitsari sai mota ta tsaya. Tsayin mota shi ma abin lura ne: duk wadda ta haura mita uku dole a rubuta tsayinta a gaban direba, kuma gadojin jirgin ƙasa masu gajarta suna da yawa a ainihin hanyoyin karkarar da barguna suke, inda manhajar taswira ta ƙananan motoci ba ta san girman abin da kake ja ba.

Shi kansa lasisin shekara biyar yake yi, daga shekara 45 kuma sabuntawa sai da sabon binciken likita, daga 65 kuwa kowace shekara. Motar ita ma ana kai ta gwajin shekara-shekara tun tana da shekara ɗaya, ba uku ba kamar ƙaramar mota. Wannan gwaji ya fi mai da hankali ne ga burki da fitilu da tayoyi da ƙashin motar, don haka duba inda doki yake tsayawa aikin mai mota ne. Fitsari yana shiga ƙarƙashin shimfiɗar roba ya ruɓar da katako ko ya cinye ƙarfe a ɓoye, motocin dawaki kuma sukan yi makonni a ajiye cikin laima ba a motsa su ba. Sai an ɗaga shimfiɗar an soki katakon da abu mai tsini, an leƙa ta ƙarƙashi da tocila, an kuma gwada maratayan ƙofar da doki yake takawa ya hau, kafin a ɗora dabba mai kilo 600 a kai.